Goge da Anzad: Daga Ina Take Ya Fito?

Darasinmu na yau a kan kiɗa ne, kiɗan tsirkiya ɗaya wadda ake gogawa. Hausawa suna ce masa goge. Abzinawa kuma suna da nasu, suna ce masa anzad, wasu su ce imzad. Wataƙila ka sha jin su a gidan biki, ko a rediyo, ko da dare a wani zango. To, amma ka taɓa tambayar kanka wa ya fara kaɗa taken nan da kake ji? Don wa aka yi shi? A wane zamani? Abin da za mu duba ke nan. A ƙarshe kuma akwai aikin da ke jiranka, tun da yanzu ka iya riƙe alƙalami.

1. Tagidda, mahaɗar mutane

Bari mu fara da gida. Tagidda-n-Tesumt tana cikin jihar Agadas, arewa da Ingal. Kalmar tesumt a harshen Abzinawa tana nufin gishiri. Mutanen wurin suna kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi a cikin manyan ramuka. In ƙasar ta kwanta, sai su ɗebe ruwan su zuba a ƙananan ramuka. Rana ta shanye ruwan, gishiri ya saura. Yawancinsa na dabbobi ne.

Gishirin nan shi ke jawo mutane. A ƙarshen damina, wajen watan Satumba, makiyaya suna kawo raƙuma da shanu da awaki yankin Ingal da Tagidda don su lashi gishiri su sha ruwan zartsi. Abzinawa suna zuwa, Fulani Bororo suna zuwa, ƴan kasuwa Hausawa da Larabawa suna zuwa. Su kuwa masu gishirin suna da harshensu, Tasawak, wanda ya haɗa kalmomin Songai da na Abzinawa.

Wannan haɗuwa ba yau ta fara ba. A shekarar 1353 wani matafiyi Balarabe mai suna Ibn Batuta ya sauka a garin Takadda, inda ake haƙar jan ƙarfe. Masana da yawa suna ganin kufan Takadda shi ne Azelik, nan kusa da Tagidda. Ka ga ashe shekara fiye da 600 ke nan ayari yana ratsa wannan ƙasa.

Ayari ba gishiri da hatsi da tufafi kaɗai yake ɗauka ba. Yana ɗauke da labari, da magana, da kiɗa. Mutum ya ji take a wani zango, ya riƙe shi a ka, ya kai shi garinsu. Take ba ya da nauyi, raƙumi ba ya gajiya da shi, ba a kuma biya masa kuɗin kwastan.

2. Yadda ake haɗa su

Goge da anzad ƴan'uwan juna ne. Ga kayan da ake buƙata:

Na 1, rabin ƙwarya mai kyau, wadda ba ta tsage ba.
Na 2, fata da za a rufe bakin ƙwaryar. A goge an fi sa fatar guza. A anzad an fi sa fatar akuya.
Na 3, sanda wadda za ta ratsa ƙwaryar ta zama wuya.
Na 4, gashin wutsiyar doki. Da shi ake yin tsirkiya.
Na 5, ɗan itace ƙarami da ake tsayarwa a kan fata ya ɗaga tsirkiya. Masu goge suna ce masa jaki.
Na 6, ɗan baka, shi ma an ɗaure masa gashin doki. Da shi ake gogawa.
Na 7, ƙaron itace da ake shafa wa gashin.

Ana huda fatar don amo ya samu hanyar fita. Matan Abzinawa kuma sukan yi wa fatar anzad zane mai kyau.

To, yaya amo ke fitowa? In aka shafa ƙaro, gashin baka yana ɗan yin danƙo. Da an goga, sai ya kama tsirkiya ya sake ta, ya kama ya sake, sau da yawa cikin ƙiftawar ido. Tsirkiya ta yi ta karkarwa. Karkarwar ta bi ta jaki ta sauka a kan fata. Fata ta motsa, iskar da ke cikin ƙwarya ta motsa, sai ƙara ta fito. In ba ƙaro, baka zai yi ta sulɓewa kawai, ba za ka ji kome ba.

Tsirkiya ɗaya ce, amma muryoyinta da yawa. In makaɗi ya taɓa ta da yatsa, ya rage tsawon wurin da ke karkarwa. Gajeruwar tsirkiya tana ba da siririyar murya. Doguwa tana ba da murya mai kauri. Shi ya sa kake ganin yatsun hannun hagu suna ta motsi. Da damina ko da sanyin asuba fata takan saki, amo ya mutu. Sai makaɗi ya kanga ta a wuta ko a rana har ta sake ɗamewa.

3. Mene ne take?

Take shi ne kiɗan da aka keɓe wa wani mutum, ko wata sana'a, ko wani abu da ya faru. Sarki yana da takensa. Maƙera suna da nasu, mahauta suna da nasu, manoma da ƴan dambe suna da nasu. Wanda ya sani, da ya ji daga nesa zai ce: "Ai wane ake kaɗa wa."

Take kamar sunan mutum yake. Yana da uba, wato wanda ya fara kaɗa shi. Yana da dalili. Yana da gari. Sau da yawa sunan take shi ke tona asalinsa. Amma sau da yawa kuma suna yakan ɓace, kiɗan ya saura, ko kiɗan ya koma wani gari a raɗa masa sabon suna. Ka riƙe wannan, don za mu sake komawa kansa.

4. Anzad, kiɗan mata

A wurin Abzinawa, bisa al'ada, mace ce ke kaɗa anzad. Tana zaune, ta ɗora shi a kan cinya, ta goga. Maza suna zaune kewaye da ita. Wani ya rera waƙa shi kaɗai, sauran su riƙa amsawa da gunji can cikin maƙogwaro. Ba a hayaniya a wurin anzad. Wuri ne na kunya da natsuwa. Wanda ya yi wauta a can, an daɗe ana ba da labarinsa.

Kada ka haɗa anzad da tende. Tende turmi ne da ake rufe wa baki da fata, mata su kaɗa, su yi tafi, mahaya raƙuma su riƙa kewaya su. Tende na taron jama'a ne. Anzad kuwa na zaman dare ne.

Taken anzad suna da sunaye. Wani an yi shi don jarumi, wani don raƙumi mai gudu, wani don wani wuri, wani don tunawa da yaƙi ko doguwar tafiya. Tsofaffi suna cewa a da, abin da namiji ya fi tsoro a fagen fama shi ne ya gudu, ya dawo gida mata su ƙi kaɗa masa anzad. Ana kuma kaɗa shi ga marar lafiya wanda ake ganin iskokin daji sun taɓa shi, don hankalinsa ya kwanta.

Yarinya tana koyo ne a wurin uwarta, ko innarta, ko kakarta. Ba takarda, ba allo. Kunne ne da yatsa da haƙuri. Tsohuwa ta kaɗa, yarinya ta maimaita, har ya zauna.

5. Goge a ƙasar Hausa da maƙwabta

A wurin Hausawa kuwa, maza ne suka fi kaɗa goge, masu kiɗan ƙwarya suna raka su. An san goge a wuri uku. Na farko wurin bori. A can kowane iska yana da takensa: Sarkin Rafi da nasa, Ɗan Galadima da nasa, Malam Alhaji da nasa, Doguwa da nata. Na biyu wurin rawa da shagalin samari da ƴan mata. Na uku wurin yabon masu kuɗi da masu mulki.

Saboda bori da shagalin dare, malamai da yawa ba su yarda da goge ba, tun kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 har zuwa yau. Har kirari ake yi masa da cewa goge kan bidi'a. Wannan magana ce ta malamai, kuma kowa ya san malaminsa. Mu a nan tarihi muke koyo. Sanin asalin abu daban, yin sa daban.

Goge yana da ƙanwa, ita ce kukuma. Ta fi shi ƙanƙanta, muryarta ta fi siranta. Marigayi Hasan Wayam da Ahmadu Doka sun yi suna da kukuma a Nijeriya, kuma kaset ɗinsu sun shigo Nijar.

Ba Hausawa kaɗai ke da shi ba. Zabarmawa suna kaɗa goge a wurin nasu bori. Fulani suna da nasu, suna ce masa nyanyeru. A Senegal ana ce masa riti. Yarabawa sun karɓe shi suna ce masa goje, kuma da shi marigayi Yusuf Olatunji, wanda ya rasu a 1978, ya yi kiɗan da ake kira sakara. A arewacin Gana, Dagombawa suna ce masa gonje. A can kiɗan fada ne, ana kaɗa wa sarakuna, har da babban sarkinsu na Yendi. Fataken Hausawa masu neman goro sun daɗe suna ratsa ƙasar Dagomba a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja.

Dubi sunayen nan da kyau: goge, goje, gonje. Ka ji yadda suka yi kama? Wannan alama ce ta cewa abin ya bi hanya daga wata al'umma zuwa wata. Ka kuma lura da wani abu. Abu ɗaya ne, amma a wurin Abzinawa na mata ne masu daraja, a Dagomba na fada ne, a ƙasar Hausa kuwa wasu suna ƙyamarsa. Ashe darajar abin kiɗa ba a jikin ƙwarya take ba, tana wurin mutanen da suka riƙe shi.

Wata malama Ba'amurkiya mai suna Jacqueline DjeDje ta yi shekaru tana bincike a kan wannan. A 2008 ta fitar da littafi a kan goge a wurin Fulani da Hausawa da Dagombawa.

6. Asalin goga tsirkiya

Mutane sun daɗe ƙwarai suna kaɗa tsirkiya da yatsa, kamar yadda ake kaɗa molo da gurmi da garaya. Goga ta da baka kuwa daga baya ya zo. Masana da yawa suna ganin dabarar ta fito ne daga tsakiyar nahiyar Asiya, ƙasar mahaya dawaki, shekara fiye da 1,000 da suka wuce. Ba abin mamaki ba ne, tun da gashin doki ne tushen aikin.

Larabawa suna da irin wannan abin kiɗa, suna ce masa rababa. Wani babban malami mai suna Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya ambace ta a littafinsa na ilimin kiɗa. Daga ƙasashen Larabawa dabarar ta bazu. Masana da yawa suna ganin ta ratso Sahara tare da ayari ta iso ƙasashenmu. Ta kuma bi ta Andalus da wasu hanyoyi ta shiga Turai.

A ƙasar Italiya, a cikin shekarun 1500, masassaƙa suka ƙera wani iri na katako zalla, mai tsirkiya 4. Shi ne gogen Turawa, wanda Faransawa ke kira biyolon. Ana saƙala shi a ƙarƙashin haɓa. Har yau bakansa da gashin doki ake yi, kuma har yau sai an shafa ƙaro. Ka ga ashe kakansu ɗaya da namu.

7. Taken Turawan ƙauye

Kada ka ɗauka gogen Turawa na manyan birane ne kaɗai. A ƙasashen Ailan da Sikotilan da Ingila, talakawan ƙauye sun riƙe shi don rawar biki. Yawancinsu da kunne suka koya, kamar mu. Su ma takensu suna da sunaye: sunan mutum, sunan gari, sunan kogi, sunan yaƙi. Bari mu ɗauki misali 3.

Misali na farko. A Ailan an yi wani makaho mai suna Turlough O'Carolan, daga 1670 zuwa 1738. Shi ba goge yake kaɗawa ba, wani abin kiɗa ne mai tsirkiya da yawa da ake kaɗawa da yatsu. Yana yawo gidajen masu hali, ya yi wa maigida ko uwargida take, ya sa masa sunansu, su sallame shi. Ka ga aikin maroƙi ke nan sak. Masu gidajen sun mutu tuntuni, amma masu goge suna kaɗa taken har yau, da sunayensu.

Misali na biyu. A Sikotilan an yi wani shahararren mai goge, Niel Gow, daga 1727 zuwa 1807. Da matarsa ta biyu ta rasu, sai ya yi take na baƙin ciki don tunawa da ita. An rubuta taken, an rubuta dalilinsa. Saboda haka duk wanda ya kaɗa shi yau ya san wa ya yi shi, ya san don me.

Misali na uku shi ne mafi amfani gare mu. Daga 1845 zuwa 1852 an yi babbar yunwa a Ailan, domin cuta ta kama dankalin da suke ci. Mutum wajen miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 suka yi hijira, yawanci zuwa Amurka. Ƙauyuka suka watse, makaɗa suka bazu. Wani ɗan ƙasar mai suna Francis O'Neill, wanda aka haifa a 1848, shi ma ya ƙare a Amurka. Ya shiga aikin ɗan sanda a birnin Shikago, har ya zama shugaban ƴan sandan birnin daga 1901 zuwa 1905. Ya ga taken ƙasarsu za su ɓace. Sai ya riƙa neman makaɗa ƴan ƙasarsu da ke birnin. Shi yana da take da yawa a ka, amma bai ƙware da rubuta kiɗa ba. Sai ya samu wani ɗan sanda mai suna James O'Neill wanda ya iya. Makaɗi ya kaɗa, James ya rubuta. A 1903 suka fitar da littafi mai take 1,850. Har yau makaɗan Ailan suna amfani da shi.

A Amurka kuma kiɗan ya sake haɗuwa da wani. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma sun je da nasu sanin kiɗa. Da yawa daga cikinsu sun zama masu goge, suna kaɗa wa baƙi da farare rawa. Sun kuma ƙera wani abin kiɗa mai suna banjo, wanda asalinsa irin su molo da gurmi ne. Goge da banjo suka haɗu, salon Turai da salon Afirka suka gauraya, aka samu kiɗan ƙauye irin na Amurka. A can za ka tarar da take ɗaya mai suna 2 ko 3, kowane yanki da sunan da ya ba shi.

8. Abin da ke barazana ga namu

Yanzu mu dawo gida. Masu kaɗa anzad sun ragu ƙwarai. Ga dalilai.

Na farko, fari. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe dabbobi masu yawa. Zanguna suka watse, mutane suka koma gefen birane, ko Aljeriya, ko Libiya. In zango ya watse, jika ba ta zama kusa da kakarta, koyo ya yanke.

Na biyu, kayan aiki. Dawaki sun yi ƙaranci, gashin wutsiya ya yi wuyar samu. Wasu sun koma sa zaren roba.

Na uku, sabon kiɗa. Samarin da suka yi zaman Aljeriya da Libiya sun dawo da jita. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali da Bombino na Agadas sun kai kiɗan jitar Abzinawa ƙasashen duniya. Wannan abin alfahari ne. Amma kunnen yara ya koma can. Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Na huɗu, mutuwa. Wannan shi ne babba. Tsohuwa ɗaya tana iya riƙe take da yawa a kanta. Ranar da aka rufe ta, in ba wadda ta koya, ba wanda ya rubuta, shi ke nan, an rufe su tare.

Goge ma yana fama da irin wannan. A gidan biki da yawa yanzu na'ura ake kunnawa, ba a kiran makaɗi.

Amma ba a zauna haka nan ba. Tun a shekarun 1960 masu bincike suka ɗauki kiɗan makiyayan Nijar a faifai. A Yamai an buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a 1989, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙasar. A Tamanrasat ta Aljeriya an kafa ƙungiyar ceton imzad a 2003, tana koya wa ƴan mata. A 2013 kuma hukumar Unesko ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa imzad na Abzinawan Aljeriya da Mali da Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Duk da haka, hukuma ba za ta iya shiga kowane zango ba. Ba ta san tsohuwar da ke bayan gidanku ba. Kai ka san ta.

9. Aikin da ke jiranka

Ka tuna da O'Neill. Ba malamin kiɗa ba ne, ɗan sanda ne. Abin da ya yi kawai, ya haɗa mai sani da mai rubutu. To, kai ma yanzu mai rubutu ne. Ba sai ka iya kaɗawa ba. Ke ma ƴar'uwa, wannan aikin ya fi sauƙi a hannunki, don tsofaffin mata sun fi sakin jiki da ƴar'uwarsu mace.

Nemi ɗan littafi da alƙalami. Je wurin mai anzad ko mai goge a lokacin da ba shi da aiki. Yi sallama, ka gaishe shi da ladabi, ka ce Baba ko Inna. Kada ka je hannu sake, ko ɗan shayi da sukari ne ka riƙa. Faɗa masa abin da ya kawo ka. In bai yarda ba, kada ka matsa. In ya yarda, ga tambayoyi 6 da za ka yi a kan kowane take:

1. Mene ne sunan taken?
2. Yana da wani suna a wani wuri?
3. Wa ya fara kaɗa shi?
4. Don wa, ko don me aka yi shi?
5. A wurin wa kika koya, ko ka koya? Shi kuma a wurin wa?
6. A wane irin taro ake kaɗa shi?

Rubuta amsa yadda aka faɗa maka. Kada ka ƙara, kada ka rage. In an ce ba a sani ba, rubuta "ba a sani ba". Wannan ma amsa ce. In mutum biyu suka ba ka labari daban-daban, rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa. Ba aikinka ba ne ka raba gardama. A saman shafi ka sa kwanan wata da sunan gari ko zango.

Tsofaffi ba su cika ƙidaya shekara da lamba ba. Da abin da ya faru suke ƙidaya. Ga abin da zai taimake ka:

Yaƙin Kawusan a Agadas: 1916 zuwa 1917.
Samun ƴancin Nijar: 1960.
Mulkin Diori Hamani: 1960 zuwa 1974.
Mulkin Seyni Kunce: 1974 zuwa 1987.
Manyan fari: 1973 zuwa 1974, da 1984 zuwa 1985.

Misali, in tsohuwa ta ce: "Kakata ta koyi wannan take tun zamanin Kawusan," ka san ke nan taken ya haura shekara 100. In ta ce: "An yi shi ne shekarar da dabbobi suka ƙare, lokacin Kunce," sai ka rubuta wajen 1984.

In kana da wayar salula mai ɗaukar murya, nemi izini ka ɗauki kiɗan. Kafin a fara, ka faɗi sunan take da sunan makaɗi da kwanan wata a cikin wayar. Amma kada ka dogara da waya kaɗai. Waya tana ɓacewa, tana faɗawa ruwa, tana mutuwa. Ka tura wa wani amintacce ya ajiye, ka kuma rubuta a littafi. Kada ka watsa muryar mutum ba da yardarsa ba, kada kuma ka sayar. Kiɗan nasa ne.

In kun taru a aji, kowa ya karanta abin da ya samo. Ku mutum 20 ne, kowa ya kawo take 5, kun tara 100 ke nan. Ku kwafe su a babban littafi ɗaya, ku ba malaminku ya ajiye. In kuma akwai yarinya a gidanku mai son koyon anzad, ku kai ta wurin tsohuwar tun tana da ƙarfin riƙe baka. Littafi yana ajiye suna da labari, amma yatsa ne ke ajiye kiɗa. Ana buƙatar duka biyun.

Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a karatunmu.

Sababbin kalmomi

Tsirkiya: igiyar abin kiɗa wadda ke ba da amo.
Take: kiɗan da aka keɓe wa mutum, ko sana'a, ko wani abu da ya faru.
Jaki: ɗan itacen da ke ɗaga tsirkiya a kan fata.
Kufai: wurin da gari ya taɓa zama, ya tashi.
Bincike: neman gaskiyar abu ta hanyar tambaya da dubawa.

Tambayoyi

1. Me ke kawo makiyaya yankin Ingal da Tagidda a ƙarshen damina?
2. Faɗi abu 5 da ake haɗa goge ko anzad da su.
3. Me ya sa ake shafa wa gashin baka ƙaro?
4. Wa ke kaɗa anzad bisa al'ada, kuma a wurin wa ake koyo?
5. Yaya Yarabawa da Dagombawa ke kiran goge?
6. Take nawa ne a littafin O'Neill na 1903?
7. Kawo dalili 3 da suka sa masu anzad suka ragu.
8. In an ce maka an yi take a shekarar samun ƴancin Nijar, shekararsa nawa yanzu? Yi lissafin a littafinka.

Aikin gida

Rubuta sunan take 1 da ka sani, na goge, ko na anzad, ko na ganga, ko na tende. Tambayi wani dattijo asalinsa. Rubuta amsarsa a layi 5, ka zo da ita aji mako mai zuwa.